Tarihin Robert Koch, Likitan Gwamnati Da Ya Gano Ƙwayar Tarin Fuka

Ran 24 ga watan Maris na kowace shekara, ma'aikatun lafiya na ƙasashen duniya sukan yi taruka domin faɗakar da jama'a game da tarin fuka. An zaɓi wannan rana ne saboda abin da ya faru a birnin Berlin na ƙasar Jamus a daren Jumma'a, 24 ga Maris, 1882, sa'ad da wani likita ma'aikacin gwamnati mai shekara 38 da haihuwa ya tsaya gaban 'yan'uwansa masana ya nuna musu ƙwayar da ke haddasa wannan cuta. Sunansa Robert Koch. Tarihinsa ya cancanci nazari wajen ma'aikata da ɗalibai, domin a cikinsa ana ganin abin da kuɗin gwamnati ke iya yi wa lafiyar jama'a idan an kashe su bisa hanya, ana kuma ganin ɓarnar da ke biyo baya idan gaggawa da neman suna suka shiga cikin aikin.

Haihuwarsa Da Karatunsa

An haifi Robert Koch ran 11 ga watan Disamba, 1843, a wani gari na masu haƙar ma'adinai da ake kira Clausthal, cikin duwatsun Harz. Mahaifinsa ma'aikaci ne a ma'adinan garin, shi kuwa Robert shi ne na uku cikin 'ya'ya goma sha uku. A 1862 ya shiga Jami'ar Gottingen, inda ya karanta aikin likita ya gama a 1866. Cikin malamansa akwai Shaihun Malami Jakob Henle, wanda tun da daɗewa yake da ra'ayin cewa waɗansu ƙananan halittu masu rai ne ke kawo cututtukan da ake ɗauka, ko da yake bai sami hanyar tabbatar da haka ba.

Bayan ya gama karatu, Koch ya yi ta yawon neman abin zaman gari daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan. Ya yi aure a 1867, ya kuma yi aikin likitan soja a yaƙin da aka gwabza tsakanin Jamus da Faransa a 1870 zuwa 1871. A 1872 aka naɗa shi likitan gunduma a garin Wollstein, wanda a yau yake cikin ƙasar Polan. Aikinsa shi ne duba marasa lafiya, da yi wa yara lamba, da rubuta wa hukuma rahoto kan lafiyar gundumar. Albashin bai taka kara ya karya ba, garin kuma ba shi da jami'a, ba shi da ɗakin bincike.

Bincike A Bayan Labule

A wannan gunduma ciwon saifa yana yi wa tumaki da shanu ɓarna ƙwarai, har yakan kama mutane. Koch ya raba ɗakin da yake duba marasa lafiya gida biyu da labule, ya ajiye madubin likita da ɓeraye a ɗaya ɓangaren. Da kuɗin aljihunsa yake sayen kayan aiki, a lokacin hutunsa kuma yake yin binciken. Yakan ɗebi jinin dabbar da saifa ta kashe da ɗan tsinke ya sa wa ɓera, ɓeran ya mutu, ya sake ɗiba daga wannan ya sa wa wani. Daga baya ya rena ƙwayoyin cutar a cikin ruwan idon saniya, ya zura musu ido har ya ga yadda suke dunƙulewa su zama kamar iri mai tauri, wanda ke iya shekaru a cikin ƙasa bai mutu ba. Wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa makiyayar da cutar ta taɓa shiga takan ci gaba da kashe dabbobi shekara da shekaru.

A 1876 ya kai sakamakon aikinsa wurin Shaihun Malami Ferdinand Cohn na Jami'ar Breslau, wanda ya gamsu da shi ya sa aka buga shi. Daga nan sunan likitan ƙauye ya fara shiga kunnen manya. Duk da haka ya ƙara shekara huɗu yana wannan aiki shi kaɗai, tsakanin karɓar haihuwa da ɗaurin karaya.

Gwamnati Ta Ɗauke Shi

A wancan zamani ƙasar Jamus ba ta daɗe da haɗuwa ta zama ƙasa ɗaya ba, domin a 1871 ne aka yi haka. A 1876 sabuwar gwamnatin ta kafa Ofishin Lafiya na Daula a Berlin, a 1880 kuma ta ɗauko Koch daga Wollstein ta ba shi muƙami a ciki. A nan ya sami albashi tsayayye, da ɗakin bincike, da kayan aiki, da mataimaka biyu likitocin soja, watau Friedrich Loeffler da Georg Gaffky. Aka ɗauke masa wahalar bin gidaje duba marasa lafiya.

Ba a jima ba amfanin wannan ya bayyana. A 1881 ya fito da dabarar renon ƙwayoyin cuta a kan abu mai ƙarfi maimakon ruwa, yadda kowane iri zai tsiro daban a iya ware shi daga sauran. Da wannan dabara a hannu ya fuskanci tarin fuka, wanda a lissafin da shi kansa ya gabatar yake kashe mutum ɗaya cikin kowane bakwai. Likitoci da yawa a lokacin sun ɗauka cutar gado ce, ko kuwa rashin abinci da mugun iska ne kaɗai ke kawo ta.

Aikin ya yi wuya saboda dalilai biyu. Na farko, ƙwayar tarin fuka siririya ce ƙwarai, jikinta kuma yana da wani maiƙo da ke hana rini kama ta, saboda haka ba a ganinta a madubi. Koch ya yi ta gwaji har ya dace da wani shuɗin rini da ya gauraya da sinadari mai kaifi irin na toka, ya bi shi da rini mai ruwan ƙasa, sai ga ƙwayoyin sun fito shuɗɗa kamar 'yan sanduna. Na biyu, ƙwayar ba ta saurin yaɗuwa. Waɗansu ƙwayoyin cuta sukan cika faranti cikin kwana ɗaya ko biyu, ita kuwa sai an yi mako biyu ana jira. Ya rene ta a kan ruwan jinin dabba da aka daskarar da zafi, sa'an nan ya sa wa ɓerayen masar masu lafiya, suka kamu da cutar, ya sake samun ƙwayar a jikinsu. Wannan shi ne abin da ya gabatar a taron Ƙungiyar Masana Aikin Jiki ta Berlin ran 24 ga Maris, 1882, ya kuma jera madubai a kan tebur domin kowa ya gani da idonsa. Ko shekara biyu bai cika ba a Ofishin Lafiya na Daula.

Kwalara A Masar Da Indiya

A 1883 annobar kwalara ta ɓarke a Masar, ƙasashen Turai suka tsorata kada ta ƙetaro musu. Gwamnatin Jamus ta ɗauki nauyin wata tawaga ƙarƙashin Koch zuwa Iskandariyya, Faransa ma ta aika da tata daga cikin almajiran Louis Pasteur. Ɗaya daga cikin Faransawan, Louis Thuillier, ya kamu da cutar ya mutu a can. Da annobar ta lafa a Masar, Koch ya nemi izni ya zarce Kalkata ta ƙasar Indiya. A can, farkon 1884, ya ware ƙwayar kwalara mai siffar waƙafi, ya kuma same ta a cikin wani tafki da mutanen unguwa ke sha suna wanki a ciki. Wani masani ɗan Italiya, Filippo Pacini, ya riga ya ga wannan ƙwaya tun 1854, amma ba a kula da aikinsa ba. Da Koch ya koma gida aka yi masa babbar tarba, gwamnati ta ba shi kyautar mak 100,000, a 1885 kuma aka naɗa shi Shaihun Malamin tsabta da kiwon lafiya a Jami'ar Berlin.

Maganin Da Bai Yi Magani Ba

Sanin ƙwayar cuta daban, samun maganinta daban. Shekara takwas bayan 1882 masu tarin fuka suna ta mutuwa kamar da. A wannan tsakani Faransa ta buɗe Cibiyar Pasteur a 1888, manyan Jamus kuwa suna son su ma su nuna wa duniya nasu. A watan Agusta na 1890 aka yi babban taron likitocin duniya karo na goma a Berlin, kuma masana tarihi sun nuna cewa hukumomin Purusiya, wadda ita ce babbar jihar Jamus, suna ɗokin a sami wani babban albishir da za a yi a taron. Koch ya tashi ya sanar da cewa ya sami wani abu da ke tsayar da tarin fuka a jikin ɓerayen masar. A watan Nuwamba ya buga bayanin cewa an gwada shi a kan mutane, amma ya ɓoye abin da aka haɗa shi da shi.

Nan da nan Berlin ta cika da marasa lafiya da likitoci daga ko'ina, har masaukai suka koma kamar asibitoci. Sarkin Jamus ya ba shi babbar lambar girma. A bayan fage kuwa Koch yana ciniki da ma'aikatar ilmi ta Purusiya a kan sabuwar cibiyar bincike da kuma rabon da zai samu daga kuɗin sayar da maganin, wanda daga baya aka sa wa suna tubakulin.

Cikin 'yan makonni labari ya sha bamban. Waɗanda aka yi wa allurar suka riƙa fama da zazzaɓi mai zafi, waɗansu ciwonsu ya ƙaru, waɗansu suka mutu. A watan Janairu na 1891 mashahurin masanin nan Rudolf Virchow ya binciki gawawwakin waɗanda aka yi wa allurar, ya nuna cewa maganin bai kashe ƙwayar ba, har akwai alamar cewa yana tayar da ciwon da ya kwanta. Dole Koch ya fito ya bayyana cewa abin nasa ruwan ƙwayoyin cutar ne da aka tatsa da sinadarin gilisarin. Ya bar ƙasar ya tafi Masar na ɗan lokaci, maganar rabon kuɗi kuma ta wargaje. A shekarar nan ma'aikatar harkokin cikin gida ta Purusiya ta ba da umurni kada a yi wa fursuna allurar tubakulin ba da yardarsa ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa: an raba magani ga dubban mutane tun ba a gama gwada shi ba, likitocin da ke yin allurar kuma ba su san abin da ke cikin kwalbar ba.

Tubakulin bai tashi a banza ɗungum ba. Daga baya aka gane yana da amfani wajen gano wanda ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa, mutum ko saniya, kuma a 1907 wani likita ɗan Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya mai da shi gwajin da ake yi a fata.

Cibiyar Bincike Da Darasin Hamburg

Duk da wannan abin kunya, gwamnatin Purusiya ba ta janye hannunta ba. A watan Yuli na 1891 aka buɗe Cibiyar Binciken Cututtuka Masu Yaɗuwa a Berlin, aka ba Koch shugabancinta. Masana irin su Emil von Behring da Paul Ehrlich da Shibasaburo Kitasato ɗan Japan sun yi aiki tare da shi, kuma daga hannun wannan rukuni ne aka sami maganin ciwon maƙarau da ke kashe yara. Bayan rasuwarsa aka sa wa cibiyar sunansa, ita ce kuma ta zama babbar hukumar sa ido kan cututtuka ta ƙasar Jamus.

A 1892 kwalara ta faɗa wa birnin Hamburg, gwamnati ta tura Koch. Ya tarar da birni mai arzikin ciniki wanda majalisarsa ta yi shekaru tana jan ƙafa wajen kashe kuɗin gina matatar ruwa, jama'a suna shan ruwan kogin Elbe yadda yake. Garin Altona da ke manne da shi, wanda ke tace ruwansa da yashi, bai sha wuya sosai ba, alhali kogi ɗaya suke ɗiba. Cikin 'yan makonni mutum wajen 8,600 suka mutu a Hamburg, ciniki ya tsaya cik. A 1893 aka kammala matatar da aka daɗe ana cewa ta yi tsada.

Tafiye-tafiyensa Da Kurakuransa

Daga 1896 Koch ya koma yawan tafiya bisa gayyatar gwamnatoci. Gwamnatin Kef ta Afirka ta Kudu ta kira shi domin ciwon bushiya da ke ƙarar da shanu, annobar da ta ratsa nahiyar Afirka a shekarun 1890 har ta tsiyata makiyaya a ƙasar Hausa da Barno. Ya kuma yi bincike kan annobar ɓera a Indiya, da zazzaɓin cizon sauro a Italiya da Jawa da Niyu Gini.

A taron tarin fuka na Landan a 1901 ya yi wani kuskure babba, inda ya nuna cewa tarin fukan shanu ba wani hatsari ba ne ga ɗan Adam. Gwamnatin Ingila ta kafa hukumar bincike wadda ta yi shekaru tana aiki, ta tabbatar da cewa madarar saniya mai cutar tana kama mutane, musamman yara. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake dafa madara kafin a sayar.

A 1905 aka ba shi lambar Nobel saboda aikinsa kan tarin fuka. A 1906 zuwa 1907 gwamnatin Jamus, wadda ke mulkin mallaka a Afirka ta Gabas, ta tura shi binciken ciwon barci, ya zauna a tsibiran Sese cikin tafkin Biktoriya. A can ya riƙa yi wa 'yan Afirka allurar wani magani mai guba da ake kira atoksil, ya ƙara yawansa domin ya ga iyakar ƙarfinsa, har waɗansu suka makance. Ya kuma ba da shawarar a riƙa tsare masu cutar a sansanoni. Mutanen da aka yi wa wannan gwaji talakawan mulkin mallaka ne da ba su da bakin ƙi, kuma wannan tabo yana nan a tarihinsa.

A ƙarshen rayuwarsa aka kafa wata gidauniya da sunansa domin yaƙi da tarin fuka, attajirin Amurka Andrew Carnegie ya ba da gudummawar mak 500,000. Koch ya rasu ran 27 ga watan Mayu, 1910, a garin Baden-Baden, sanadiyyar ciwon zuciya, yana da shekara 66. An ƙona gawarsa, aka ajiye tokar a wani ɗaki cikin cibiyarsa.

Abin Da Ya Biyo Baya

Koch ya mutu bai ga maganin tarin fuka ba. A 1921 aka fara amfani da allurar rigakafi ta BCG da masana biyu na Cibiyar Pasteur suka haɗa. A 1943 aka gano maganin sitireftomaisin a Amurka, a 1952 aka sami isoniyazid, daga baya rifamfisin ya biyo, har aka kai ga cewa mai tarin fuka na iya warkewa sarai cikin wata shida idan ya sha magani ba fashi. Tun daga nan babbar matsalar ta koma ta kuɗi da tsari: wa zai biya kuɗin gwajin kaki, da magani, da albashin ma'aikacin da zai bi mara lafiya har ya gama sha.

Amurka ta ɗanɗana sakamakon sakaci. A shekarun 1970 ta rage kuɗin da ta keɓe wa tarin fuka, bisa zaton an gama da shi. Kafin ƙarshen shekarun 1980 cutar ta dawo birnin Niyok tare da ƙanjamau, da wani iri wanda ba ya jin magani, sai da aka kashe fiye da dala miliyan dubu kafin a shawo kanta. A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana tarin fuka a matsayin matsalar gaggawa ta duniya baki ɗaya.

A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya, alkawarin da ƙasashe kaɗan ne suka cika. A 2002 aka kafa Asusun Duniya na Yaƙi da Ƙanjamau da Tarin Fuka da Zazzaɓin Cizon Sauro, wanda yawancin kuɗinsa daga gwamnatoci suke fitowa, ya kuma zama shi ke ba da wajen kashi uku cikin huɗu na duk taimakon waje da ake samu domin tarin fuka. A 2023 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince a kai ga kashe dala miliyan dubu 22 a kowace shekara kafin 2027, amma abin da aka samu a shekarar bai wuce dala miliyan dubu 5.7 ba. A wannan shekara ta 2023, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum miliyan 10.8 suka kamu da cutar, miliyan 1.25 suka mutu, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashe takwas da suka ɗauki kashi biyu cikin uku na masu cutar. A 2025 gwamnatin Amurka, wadda ta fi kowace ba da taimako a wannan fanni, ta zabtare taimakon da take bayarwa ƙasashen waje ta kuma rufe hukumarta ta USAID, lamarin da ya taɓa aikin gwaji da rabon magani a ƙasashe da dama.

Hatsarin yankewar kuɗi a wannan cuta ya fi na sauran, domin wanda ya fara shan magani ya tsaya a tsakiya yakan bar ƙwayoyin da suka fi taurin kai su yaɗu, ya kuma watsa su ga iyalinsa ta hanyar tari. Maganin irin wannan ya fi tsada nesa ba kusa ba. Saboda haka ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗi, da wanda ke sa hannu a saki kuɗin, suna da hannu a warkewar mara lafiya kamar yadda likita yake da shi. Likitan gundumar Wollstein ya yi shekara takwas yana bincike a bayan labule da kuɗin aljihunsa, amma da gwamnati ta ba shi ɗaki da kayan aiki da mataimaka biyu, bai cika shekara biyu ba ya gano ƙwayar. Hamburg kuwa ta yi tsumulmular kuɗin matatar ruwa, ta binne mutum 8,600, sa'an nan ta gina matatar.